Aƙilu Mai Janwe da Motar Baba Jumare

Idan ka shiga cikin birnin Zariya ka ga wani dogon mutum yana tafe a lungu riƙe da karan dawa a gicciye daidai cibiyarsa, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da miya, kada ka ce taɓin hankali ne. Aƙilu ne mai janwe, awo yake yi. Ni sunana Nasidi, tela ne, shagona yana kallon gidansu a Ƙofar Kuyambana. Tare muka tashi, tare muka sha bulalar malami ɗaya, don haka abin da zan faɗa a kansa ba labari aka ba ni ba. Ciwon bayan nan da nake fama da shi ma, shi ne sanadinsa.

Sana'ar Aƙilu ɗaukar matattun motoci. Yana da janwe, wato babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, da igiyar ƙarfe da injin da ke naɗe ta. A bakin titi wannan aiki ba wani abin a zo a gani ba ne: ka maƙala ƙugiya, ka danna, mota ta hau, ka ɗaure ta, ka yi gaba. Amma motar cikin birni ba ta mutuwa a titi. A gida take mutuwa, can ƙuryar lungun da janwe ba ta isa ta sa ko hancinta ba. Kuma mai ita ba ya taɓa yarda ta mutu. Ka tambaye shi, ya ce maka batir ne kawai. Shekara goma, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaza ta yi ƙyanƙyasa bakwai a kujerar baya, shi dai batir ne kawai. Sai ranar da 'ya'ya suka gaji ko katanga ta fara barazanar faɗowa, sannan a aika a kira Aƙilu.

In ya zo ba ya gaggawa. Zai zagaya motar, ya cire madubin gefe biyu, ya yanki kara daidai faɗinta, ya riƙe shi a gicciye ya bi lungun tun daga hancin motar har bakin titi. Duk inda karan ya taɓa bango sai ya tsaya ya ƙura wa wurin ido, kamar bangon ya zage shi. Na ga ya sa an ɗage murhun mai waina. Na ga ya lallashi wani dattijo ya yarda a fasa kusurwar dakalinsa, da alkawarin zai dawo da kansa ya gyara, ya kuwa dawo. Daga nan ya koma kan motar, ya sallami masu haya: kaji, kyanwa, tukwanen uwargida, wani lokaci har buhun gyaɗa da aka manta tun bara waccan. Ya ɗaga ta da jak, ya sa mata tsofaffin tayoyinsa guda huɗu da yake kira takalman aro. Birkin da ya cije ya jiƙa shi da baƙin mai, ya bi shi da guduma har ya saki.

Saura masu turi. A nan ne wayon mutumin yake, kuma a nan ne ni ban yafe masa ba. Aƙilu ba ya ɗaukar ma'aikata. Masallacin lungun yake shiga ya bi jam'i, ana sallamewa ya riga kowa zuwa bakin ƙofa, ya tsaya daidai inda takalma suke, ya ce, "Jama'a, a taimaka wa ɗan'uwa da hannu, minti biyar." To wa zai idar da salla yanzun nan ya ce ba zai taimaki maƙwabci ba? Da farko da Azahar yake yi. Mutane suka gane shi. Da an hango shi a sahu, ana sallamewa sai kowa ya miƙe ya ta da nafila. Na ga mutumin da ban taɓa ganin ya ƙara ko raka'a ɗaya ba ya jera takwas, yana leƙen ƙofa ta wutsiyar ido. Sai Aƙilu ya koma La'asar, wadda ba a nafila bayanta. Tun daga nan babu wanda ya sake tsira.

Ni kuwa muƙamina daban ne. Matacciyar mota ba ta da birki, don haka dole wani ya bi ta a duƙe da gungumen icce, in Aƙilu ya ce "Tare!" ya jefa shi ƙarƙashin taya. Shekara ashirin da wani abu ni ne birkin nan. Ban nema ba. Rana ɗaya na ce bari in taimaka, shi ke nan na zama birki.

Abin da Aƙilu yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne. Har zuwa bara, shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, bai taɓa goge mota da bango ba. Ko matacciya ce da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su yanka gobe, sai ta fita lungu babu sabon tabo. Mutane suna ɗauka tsabar ƙwarewa ce. Ni na san ciwo ne.

Yana da shekara ashirin da uku ya samu aikin tuƙi a wajen Alhaji Jumare, wani ɗan kasuwar fata da ke can cikin lungun Marina. Alhaji yana da fijo fara, sabuwa dal, wadda yake gogewa da hannun rigarsa in ƙuda ya sauka. Lungun gidansa kwana uku gare shi, wato lanƙwasa uku, ta ukun ita ce muguwa, don akwai wani tsohon bangon dutse da ya turo ƙirji ta hagu. Wata uku Aƙilu yana shiga da motar yana fita lafiya. Wata Laraba da safe ya zo aiki, ya tarar da Alhaji tsaye da surukinsa da maƙwabta, ga wani dogon tabo a ƙofar direba, tun daga hannun buɗewa har baya. Jiya da yamma shi ya shigo da ita. Ya rantse bai ji ƙarar komai ba, amma shi kansa ya fara shakka. Alhaji ya karɓe makulli a gaban kowa, ya ce, "Aƙilu, hannunka ba na tuƙi ba ne. Je ka nemi wata sana'a."

Ya zo shagona ranar, ya zauna a kan buhun ƙyallaye har na gama ɗinkin riga biyu. Daga nan bai ƙara neman tuƙa motar kowa ba. Ya bi wani mai janwe, ya koyi aiki, daga baya ya samu tasa. Ya ce min tunda ba a yarda da shi da masu rai ba, bari ya koma wa matattu. Har doka ya kafa wa kansa: ba ya zama a kujerar direban motar da ba tasa ba. Mai mota shi zai riƙe sitiyari, shi kuma ya tsaya a gaba yana tafiya da baya yana ba da umarni. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya shida, furfura ta cika masa gemu, amma in ka ambaci lungun Marina sai ya sauya magana. In ya haɗu da Alhaji Jumare a jana'iza zai durƙusa ya gaishe shi, ya tashi ya wuce. Abin nan yana cin sa, ni kuma yana ba ni haushi, don na gaji da ce masa ya manta.

To bara, bayan ƙaramar salla, Ashiru ɗan Alhaji Jumare ya zo nemansa. Ashiru zai yi aure, kuma babu inda zai gina ɗaki sai filin ƙofar gida, inda fijon nan take tsaye shekara goma sha tara, tun da idon tsohon ya tafi. Yanzu kowa Baba Jumare yake ce masa. Kullum da hantsi sai an kama hannunsa an kai shi cikin motar, ya zauna ya riƙe sitiyari yana jan carbi har rana ta yi zafi. Ashiru ya ce magina za su zo ranar Asabar. In motar ba ta fita ba kafin nan, masu walda za su zo su yanka ta gunduwa-gunduwa a inda take.

"Baba zai ji ƙarar," in ji Ashiru. "Shi ya sa na zo wurinka, Malam Aƙilu. Na kira mutum biyu, duk sun ce ba za ta fita ba."

Na ɗauka zai ƙi. Sai na ga ya tashi ya shiga gida ya fito da sabon kara. A hanya ya ce min, "Nasidi, zan fitar da ita a gabansa ko ƙura ba za ta goge ba. Ina so in ji me zai ce a kan hannuna." Na ce masa mutumin da ba ya gani yaya za a yi ya san ba ta gogu ba. Ya ce ai yana ji.

Kwana biyu muka yi muna shiri. Lungun ya tsuke fiye da da, don kowa ya ɗan ci taku ɗaya: wannan ya yi dakali, wancan ya fito da kwata, wani ya kafa tankin ruwa. Aƙilu ya bi da kara sau shida. A kwanar lungun ta uku, tsakanin bakin karan da bangon dutsen nan, yatsa huɗu ne kacal suka rage. Ya auna, ya sake aunawa, ya je ya tsaya yana kallon bangon har wata tsohuwa ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Cikin motar kuwa mun fitar da abin mamaki. Tabarmi uku, dutsen guga na gawayi, kwandon albasa da ta tsiro, da wata agwagwa a but ɗin baya da ta ƙi fita sai da ta sare ni a yatsa. Tsohon tabon yana nan a ƙofar direba, ya yi tsatsa. Na lura Aƙilu ya wanke motar duka amma bai kai tsumma wurin ba.

Ranar Alhamis da rana muka je karɓar makulli, don sitiyarin a kulle yake, in babu makulli ba ya juyawa. Baba Jumare yana zaune a zaure a kan buzu. Aƙilu ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, barka da rana. Aƙilu ne."

"Wane Aƙilun?"

"Na Ƙofar Kuyambana, Baba. Wanda ya taɓa yi maka tuƙi."

Tsohon ya ce, "Uhm. Kai ne za ka ɗauke ta?"

"Ni ne, in ka yarda. Makulli muke so a ba Ashiru ya riƙe sitiyari."

"Ashiru? Ashirun da ko keke sai ya faɗa kwata? Babu mai zama a kujerar nan sai ni. Ni na shigo da ita, ni zan fitar da ita."

Ashiru ya ce, "Haba Baba, ai ba ka..."

"Ba na me? Lungun ne ban sani ba? Tun ba a haifi uwarka ba nake bin sa."

Duk muka juya muna kallon Aƙilu. Dokarsa ce ta kama shi, kowa a birni ya san mai mota shi ke riƙe sitiyari. Ya ce, "To Baba. Amma abin da na ce shi za ka yi. In na ce dama, dama."

"Za mu gani," in ji tsohon.

Da La'asar masallacin Marina ya cika fiye da kullum, don labari ya bazu cewa makaho zai yi tuƙi. Karo na farko ke nan da Aƙilu bai tsaya wajen takalma ba, mutane da kansu suka naɗe hannun riga. Har liman ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ce shi zai kama daga baya. Mata suka cika saman katanga. Aka kamo Baba Jumare, ya sha farar riga da hula sabuwa, har da turare. Ya zauna, ya laluba ya sa makulli, ya mayar da giya inda ba ta riƙe komai, sannan ya miƙa hannu ya gyara madubin ciki. Wani ya fashe da dariya, liman ya harare shi.

"Bismillah," in ji Aƙilu. "A tura a hankali."

Motar ta yi wani nishi, ta motsa. Ni ina gefe a duƙe da gungume. Aƙilu yana gaba yana ja da baya, hannuwa a sama, gumi har ya jiƙa masa hula.

"Dama kaɗan, Baba."

"Na sani."

"Tsaya haka. Miƙe."

"Na ce na sani. Nan ba ƙofar gidan masu ƙuli ba ce? Ina jin ƙamshin."

Gidan ne kuwa. Muka wuce kwana ta farko lafiya lau. Tsohon ya fara jin daɗi, ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana gaisa da mutane da sunansu daga jin murya. Ya danna ham, babu abin da ya fito, sai ya yi ham ɗin da bakinsa don wata akuya da ya ji kukanta. Ya ce wa masu turi su ƙara wuta, wai tafiyar ta yi sanyi. Liman daga baya, yana haki, ya ce, "Alhaji, a ji tsoron Allah." A kwana ta biyu akwai 'yar gangara, motar ta fara sauri, Aƙilu ya yi ihu, "Tare!" Na jefa gungume, ta tsaya cak, mutum shida suka faɗa kan but, hular ladan ta yi tsalle ta faɗa gidan mutane. Baba Jumare ya ce birkin nan har yanzu yana da kyau. Babu wanda ya gaya masa ni ne.

Sai kwana ta uku. Aƙilu ya sa aka tsaya, ya je ya sake duba yatsa huɗun nan, ya dawo.

"Baba, nan sai a hankali. Za ka miƙe sai na ce ka karya. Kada ka karya da wuri."

"Yaro, wannan kwanar ni na san ta."

"Na sani, Baba. Amma ka jira ni."

Aka tura. Taku ɗaya, taku biyu. Aƙilu yana cewa, "Miƙe, miƙe, saura kaɗan, miƙe." Ina kallon hannun tsohon. Tun kafin a kai, na ga ya murɗa sitiyarin hagu da ƙarfinsa, irin na wanda jikinsa ya saba.

"Baba, a'a! Dama! Tare, Nasidi, tare!"

Na jefa gungume, amma ta riga ta kai. Ƙiiiiiii. Ƙarar ta daɗe kamar ba za ta ƙare ba, har cikin haƙorana na ji ta. Motar ta tsaya, ƙofar direba manne da bangon dutse.

Aka ja ta baya kaɗan. Aƙilu ya zo ya tsaya yana kallo, fuskarsa ta yi fari fat. Shekara talatin da huɗu sun tafi a banza, kuma a kan motar nan, a gaban mutumin nan. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na manta da bayana. Ya durƙusa daidai tagar, ya ce, "Baba, ka yafe ni. Laifina ne, ban..."

"Yi min shiru."

Tsohon ya fito da hannu ta taga yana shafa ƙofar. Na matso na duba. Sabon tabon ya hau kan tsohon daidai, tun daga hannun buɗewa har baya, ya kankare tsatsar ya bar ƙarfe yana ƙyalli. Ko da alli aka zana ba za a daidaita haka ba. Yatsunsa suka bi layin har inda hannunsa ya kai, suka dawo.

"Wannan ƙarar na san ta," in ji shi. "Na taɓa jin ta sau ɗaya. Wata Laraba, bayan sallar asuba, na ce bari in fita in sayo wa surukina ƙosai mai zafi in burge shi. A nan na karya da wuri. Na dawo na ajiye ta, ko ƙosan ban sayo ba. Da gari ya waye ya fito ya gani, ya tambaye ni wa ya yi wannan aika-aika. Ga mutane tsaye. Sai ga ka ka shigo."

Liman ya ce, "Innalillahi."

Aƙilu ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan gungumena. Da ƙyar ya ce, "Baba, shekara talatin da huɗu."

"Na ƙirga su ni ma. Duk wanda ya zo ya ce min yau Aƙilu ya fitar da mota daga lungu kaza ko ƙwarzane babu, sai in kasa cin tuwo. Na so in aika a kira ka, kunya ta hana ni. Ka yafe min, ɗana. Hannunka na tuƙi ne. Nawa ne ba na tuƙi ba, ga shaida har sau biyu."

Wani daga baya ya kasa riƙewa ya tuntsire, sai lungun gaba ɗaya ya ɗauka, har matan kan katanga. Aƙilu ma dariya yake, amma hawaye na bin gemunsa, yana share su da hula. Ni kuwa haushi ne ya taso min. Na ce, "Baba, ni fa? Da ka faɗi gaskiya tun ranar, da wannan mutumin direba ne, da ni ban zama birki ba." Tsohon ya ce, "Kai kuma wane ne?"

Daga nan ya dafa sitiyari, ya ja jiki da ƙyar ya tsallake giya, rigarsa tana maƙalewa, ya koma kujerar gefe. Ya daki kujerar direban da tafin hannu.

"Zo ka fitar da ni daga lungun nan."

Aƙilu ya miƙe tsaye. Ya miƙo min karansa, ya goge tafukan hannunsa a jikin riga, ya buɗe ƙofar mai tabo biyu ya shiga. Babu mai ba shi umarni a gaba. Ya ce a ja baya taku uku, aka ja. Ya ce a tura. Ya miƙe, ya miƙe, har na ɗauka zai daki bangon gaba, sannan ya karya sau ɗaya. Motar ta zame ta wuce dutsen nan, na sa yatsuna huɗu a tsakani suka shiga daidai.

Da muka fito bakin titi inda janwe take jira, na kawo ƙugiya zan maƙala. Baba Jumare ya ji ƙarar ƙarfen, ya ce a dakata. Ya juya wajen Aƙilu ya ce, "Direba, ɗan ƙara gaba da ni. Na daɗe ban fita ba."

Aƙilu ya leƙo ta taga ya dubi liman da sauran jama'a, waɗanda suka riga suka fara sauke hannun riga.

"Jama'a," ya ce, "minti biyar."

Har Ƙofar Gayan muka tura su.